Baƙo ko bare: Ma'anonin kalmar 'stranger' da tasirinta a ƙasar Zazzau

A duk ranar Laraba, garin Makarfi da ke arewacin jihar Kaduna kan cika ya batse da mutanen da akasarin mazauna garin ba su taɓa gani ba.

Wasu direbobin manyan motoci ne da suka zo lodin rake, wasu fatake ne masu sayen hatsi da mazarƙwaila, wasu kuma 'yan ci-rani ne masu neman aikin ƙwadago.

Bahaushen Makarfi na da kalma ɗaya da yake kiran dukkansu da ita, wato baƙi. Da ita ce kuma yake kiran surukansa idan suka kawo masa ziyara.

A Turancin Ingilishi ba haka abin yake ba. Kalmar da aka fi amfani da ita ga mutumin da ba a sani ba ita ce 'stranger', kuma ba ta ɗauke da haƙƙin tabarma da ruwan sha kamar takwararta ta Hausa.

Wannan bambanci ya wuce batun ƙamus. Tun zamanin mulkin mallaka kalmar ta shiga harkar mulki a arewacin Najeriya, kuma har yanzu ana ganin sawunta a wajen neman aiki, da gurbin karatu, da sha'anin tsaro.

Asalin kalmar

Kalmar ta shiga Ingilishi ne a ƙarshen ƙarni na 14 daga tsohon Faransanci, shi kuma ya samo ta daga kalmar Latin 'extraneus', wadda ke nufin abin da ke waje, ko wanda ba na cikin gida ba.

A farko an fi amfani da ita ga mutumin wata ƙasa. A shekarar 1565 hukumomin birnin Norwich na Ingila suka gayyato masaƙa daga yankin da a yau ya ƙunshi Holand da Beljiyam, domin su farfaɗo da sana'ar saƙa.

Mutanen birnin sun riƙa kiransu da wannan suna, kuma cikin shekaru kimanin 20 yawansu ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna birnin.

A wancan zamani kalmar kan ɗauki ma'anar wanda ya sauka a gidan wani, amma sannu a hankali wannan ma'ana ta dusashe, kalmar 'guest' ta riƙe ta ita kaɗai.

Masana harsuna na nuni da cewa ita kanta 'guest' tushenta ɗaya da kalmar Latin 'hostis', wadda da farko ke nufin mutumin waje, daga baya ta koma nufin abokin gaba.

A harshen Girka na da ma, kalma ɗaya ce, 'xenos', ke nufin wanda ba a sani ba da kuma wanda aka saukar. Daga gare ta aka ƙirƙiro kalmar da Turawa ke kiran ƙyamar baƙi da ita, irin wadda ta yi sanadin mutuwar mutane fiye da 60 a Afirka ta Kudu a watan Mayun 2008.

Ma'anoninta a yau

A Ingilishin yau da kullum, kalmar na da manyan ma'anoni guda huɗu.

Ta farko, kuma mafi shahara, ita ce mutumin da ba ka sani ba, ko da kuwa a gari ɗaya aka haife ku. Wanda kuka haɗu a motar haya daga Ikara zuwa Zariya, ba ka san sunansa ba, shi ma bai san naka ba, ya shiga wannan aji.

Ta biyu ita ce mutumin da bai san wuri ba. Idan aka tambayi Bature hanya a garin da ba nasa ba, da wannan kalma zai ba da uzuri. A nan ta yi daidai da abin da Hausawa ke nufi da cewa baƙo ko da ido makaho ne.

Ta uku ita ce wanda aka daɗe ba a gani ba. Turawa kan tari aboki da ita cikin raha, kamar yadda Bahaushe zai ce wa ɗan'uwansa: "Yau baƙi muka yi", ko "Ɓatan kai ka yi?"

Ta huɗu ita ce wanda bai saba da wani al'amari ba. An fi amfani da ita a korarriyar jimla, kamar a ce wane ba baƙo ba ne a harkar siyasa, ma'ana ya daɗe ana damawa da shi.

Akwai kuma wani wuri da kan rikita ɗalibai masu rubuta jarrabawar kammala sakandare. Kalmar na iya zama sifa mai nuna fifiko, wato abin da ya fi wani ban mamaki, kuma rubutunsu iri ɗaya ne. Jimla ce kawai ke bambancewa.

Su kansu masu fassara a Turai ba su tsira daga ruɗanin ba. Littafin da marubucin nan ɗan Faransa haifaffen Aljeriya, Albert Camus, ya wallafa a 1942, an fassara sunansa da wannan kalma a Amurka, amma a Birtaniya aka zaɓi wata mai nufin bare.

A majalisa da kotu

A majalisar dokokin Birtaniya, an shafe ƙarnoni ana kiran duk wanda ba ɗan majalisa ko ma'aikacinta ba da wannan suna, ko da kuwa ɗan ƙasa ne da ya kaɗa ƙuri'a.

A da, ɗan majalisa kan tashi ya ce ya hango baƙi, domin neman a fitar da 'yan kallo da 'yan jarida a yi zaman sirri. An sauya wannan lafazi a 1998, sannan a 2004 majalisar wakilan ƙasar ta amince a daina kiran jama'a da sunan.

Majalisun Najeriya sun gaji wannan al'ada daga Birtaniya, inda ake ɗaukar duk wanda ba mamba ko jami'i ba a matsayin baƙo a zauren majalisa, ko da minista ne.

A fannin shari'a kuwa, kalmar na nufin wanda ba ya cikin wata yarjejeniya. Ƙa'idar da kotunan Ingila suka kafa a wata shari'a ta 1861, wadda kotunan Najeriya ma ke aiki da ita, ita ce wanda ba da shi aka ƙulla ciniki ba, ba shi da hurumin kai ƙara a kansa.

Ya kamata a bambanta kalmar da wasu makusantanta. 'Foreigner' na nufin ɗan wata ƙasa, 'alien' kalmar hukumar shige da fice ce, 'anonymous' kuma shi ne wanda ya ɓoye sunansa ko aka sakaya shi.

A Amurka kan laƙaba sunan John Doe ga gawar da ba a gane mai ita ba, ko mutumin da ake shari'a da shi ba a bayyana sunansa ba. Wannan ya yi kama da yadda Hausawa ke cewa wane ko wance.

Inda Hausa ta sha bamban

Tun a ƙamusun da G. P. Bargery ya wallafa a 1934, sai da aka jera kalmomin Ingilishi fiye da ɗaya kafin a iya fassara kalmar baƙo.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Yarbawa na cewa 'alejo', masu magana da Suwahili kuma 'mgeni', duk da ma'anonin biyu a haɗe.

Wannan ne ya sa a Ingilishin da ake yi a Afirka ta Yamma za a ji mutum ya ce yana da 'stranger' a gida, alhali ƙanin mahaifinsa yake nufi. Bature zai ɗauka wani ne ya faɗo masa gida.

Kalmar baƙo ta yi rassa da yawa a Hausa. Jariri sabuwar haihuwa baƙo ne, ƙyanda kuma baƙon dauro. Akan kuma raɗa wa yaro laƙabin Baƙo.

Idan Bahaushe na son ya cire karamci daga maganar, yana da wasu kalmomin. Bare shi ne wanda ba dangi ba, baƙin haure su ne waɗanda suka shiga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba, baƙuwar fuska kuma ita ce wadda ake yi wa kallon tuhuma.

Karin maganar Hausa ma sun nuna fuskokin biyu. An ce baƙonka Annabinka, an kuma ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato shi mai wucewa ne, ɗan gari ne mai saiwa.

Larabci, wanda malaman wannan yanki suka fi ƙwarewa a kai, ya rarrabe. 'Daif' shi ne wanda aka saukar, 'garib' wanda ke nesa da gida, 'ajnabi' a fiƙihu wanda ba muharrami ba, 'majhul' kuma a ilimin hadisi mai ruwayar da ba a san shi ko halinsa ba.

Sai dai koyarwar Musulunci ta sake haɗa su ta fuskar haƙƙi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta sanya matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutane takwas da ake bai wa zakka.

A Suratuz Zariyat an ba da labarin baƙin Annabi Ibrahim, waɗanda ya bayyana cewa bai san su ba, amma duk da haka ya gaggauta kawo musu maraƙi mai ƙiba. Hadisai ingantattu kuma sun ƙayyade liyafar baƙo da kwana uku, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne.

Ikara, Makarfi da Kudan

Ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan na cikin masarautar Zazzau, kuma dukkansu sun yi iyaka da jihar Kano. Ita Kudan, mai hedkwata a Hunƙuyi, ta kuma yi iyaka da jihar Katsina.

A ƙidayar jama'a ta 2006, Ikara na da mutane sama da dubu 190, Makarfi sama da dubu 146, Kudan kuma kusan dubu 139.

Yanki ne na kan hanya. Babban titin Zariya zuwa Kano ya ratsa ta Tashar Yari, haka ma layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya bi ta ƙasar Makarfi.

Noman rake da tumatir da barkono a fadamun yankin na jawo 'yan kasuwa daga sassan Najeriya, da kuma 'yan ci-rani daga arewa mai nisa da Jamhuriyar Nijar.

Tun kafin zuwan Turawa, ƙasar Hausa na da tsarin da take mayar da wanda ba a sani ba ya zama sananne. Ginshiƙin tsarin shi ne mai masauki, wanda a wasu wurare ake kira fatoma.

Falke kan sauka a zauren mai masaukinsa, wanda zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki na bashi ne. Idan rigima ta taso, mai masaukin ake nema.

Wanda ya zo da niyyar zama kuwa, akan kai shi gaban mai unguwa, daga nan zuwa ga dagaci. A tambaye shi garinsu da sana'arsa da dalilin tasowarsa, sannan a nuna masa filin gini, a ba shi aron gona.

Idan ya zauna lafiya, ya yi sallah a masallacin unguwa, ya halarci suna da jana'iza, aka ba shi aure ko ya bayar, to baƙunci ya ƙare. Abin da kan rage shi ne laƙabi, kamar Bakano ko Bakatsine ko Babarbare, da sunan unguwar da zuriyarsa ta kafa.

Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, misali ne. Baba ta tashi ne a yankin Zarewa da ke kan iyakar Kano da Zazzau, kuma kakanninta daga Borno suka zo, amma a matsayin Bahaushiya duniya ta san ta.

Gidajen sarautar Zazzau huɗu ma sunayensu na nuna tushensu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Kafin su kuma akwai labarin Bayajidda, baƙon da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, wanda ake danganta sarakunan Hausa Bakwai da shi.

Turawa da unguwannin baƙi

Zuwan jirgin ƙasa ya kawo dubban ma'aikata da akawuna da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, da Saliyo, da ƙasar da a yau ake kira Ghana.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su cuɗanya da mutanen birane masu ganuwa ba, saboda haka tsakanin 1911 da 1913 ta keɓe musu Sabon Gari a Zariya da Kano.

A takardun Turawa ana kiran waɗannan wurare unguwannin 'strangers'. Dokar birane ta 1917 ta ƙara tabbatar da wannan rabe-rabe.

A Zariya an kuma samar da Tudun Wada domin 'yan arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Ta haka gari ɗaya ya rabu gida-gida, kowane da irin mutanen da aka yarda su zauna a cikinsa.

Bambancin wannan da tsarin gargajiya a fili yake. A zauren mai unguwa, baƙunci mataki ne da mutum kan wuce. A takardar Bature kuwa ya zama aji, wanda ɗa ke gada daga uba.

Dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu, inda ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda mahaifinsa ya fito daga wata ƙabila ta arewacin Najeriya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce ta maye gurbinta.

Masanin zamantakewa ɗan Jamus, Georg Simmel, ya yi nuni tun a 1908 cewa baƙon da ke ɗaure wa al'umma kai ba mai wucewa ba ne, wanda ya zo ya zauna ne, yana ciki amma ana yi masa kallon na waje.

Hausawa ma sun ɗanɗana wannan a ƙasashen wasu. A Ibadan an keɓe musu unguwar Sabo a 1916, a Kumasi da Ankara kuma suna zaune a zango ƙarƙashin sarakunansu.

A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta bai wa baƙi marasa takardu makonni biyu su bar ƙasar, lamarin da ya shafi Hausawa da Yarbawa da dama, ciki har da waɗanda a can aka haife su. A 1983 Najeriya ta yi makamancin haka a zamanin Shugaba Shehu Shagari.

Takardar shaidar asali

Bayan samun 'yancin kai an daina amfani da tsohuwar kalmar a takardun gwamnati, amma wasu biyu suka maye gurbinta: 'indigene', wato ɗan asalin wuri, da 'settler', wato ɗan kama-wuri-zauna.

Tsarin mulkin 1979 ne ya shigo da manufar raba muƙamai daidai tsakanin jihohi, na 1999 kuma ya ci gaba da ita a sashe na 14. An kafa hukumar da ke kula da wannan a 1996.

Sashe na 147 ya wajabta wa shugaban ƙasa naɗa aƙalla minista ɗaya ɗan asalin kowace jiha. Sai dai tsarin mulkin bai fayyace shekara nawa zuriya za ta yi a wuri kafin ta zama 'yar asali ba.

A gefe guda kuma, sashe na 41 ya bai wa kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama, na 42 ya haramta nuna masa bambanci saboda asalinsa, na 43 kuma ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina a ƙasar.

A aikace, ƙananan hukumomi ne ke yanke hukunci. Matashin da ke neman shiga aikin soja ko ɗan sanda, ko aikin gwamnatin tarayya, sai ya gabatar da takardar shaidar asali daga sakatariya irin ta Ikara, ko Makarfi, ko Hunƙuyi.

Bisa al'ada, sai masu sarautar gargajiya na yankinsa sun shaide shi kafin a ba shi. Ga wanda kakansa ya ƙauro daga Rogo ko Ɗanja, kuma ya saje da mutanen gari ta harshe da addini da auratayya, abin kan zo da sauƙi.

Amma ga wanda aka haifa a Sabon Gari, mai maƙwabtaka da Kudan, alhali kakansa daga kudu ya zo aikin jirgin ƙasa, yakan iya samun kansa ba nan ba can: inda aka haife shi a ce baƙo ne, garin kakansa kuma ba wanda ya san shi.

A wani rahoto da ta fitar a 2006, ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce wannan tsari na mayar da miliyoyin 'yan Najeriya saniyar ware a ƙasarsu, kuma jihar Kaduna na cikin wuraren da ta yi nazari a kai.

Taƙaddama kan wane ne ɗan gari na cikin musabbaban rikicin Zangon Kataf na 1992, da na Jos na 2001.

A 2019 gwamnan jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya bayyana cewa gwamnatinsa ta soke bambanci tsakanin ɗan asali da mazauni a harkokin jihar. Sai dai ikon jiha bai kai ga hukumomin tarayya ba, waɗanda ke ci gaba da neman takardar.

Baƙuwar fuska da matsalar tsaro

Taɓarɓarewar tsaro a arewa maso yammacin Najeriya ta ƙara wa batun nauyi.

A farkon watan Satumban 2023, 'yan bindiga sun kai hari a wani masallaci a ƙauyen Saya-Saya da ke ƙaramar hukumar Ikara lokacin sallar isha'i, inda aka ba da rahoton kashe mutum bakwai.

Bayan irin wannan hari, abu ne da aka saba ji hukumomi da sarakuna su umarci jama'a su kai rahoton duk wata baƙuwar fuska, su kuma daina saukar da wanda ba su sani ba sai da sanin mai unguwa.

A rahotannin Ingilishi kuma akan ce maharan 'unknown gunmen' ne, wato 'yan bindigar da ba a san ko su wane ne ba. Lafazin na da tarihi a Najeriya.

Bayan da sojoji suka ƙona gidan mawaƙi Fela Kuti a Legas a watan Fabrairun 1977, binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a sani ba. Tun daga lokacin 'yan ƙasar da dama ke yi wa irin wannan furuci kallon hanyar rufe magana.

Masu nazarin tsaro na jan hankali cewa tsoron wanda ba a sani ba kaɗai ba ya maganin matsalar. Sau da yawa jami'an tsaro kan kama masu tsegunta wa 'yan bindiga bayanai, sai a tarar mutanen gari ne da kowa ya sani. Da ma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Kuma idan zargi ya wuce gona da iri, matafiyi ne kan biya da ransa. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan arewa a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyarsu ta komawa Kano yin sallah, bayan an zarge su da satar mutane.

A watan Yunin shekarar kuma, wasu 'yan ɗaurin aure da suka taso daga yankin Zariya suka ɓace hanya a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, inda aka far musu aka kashe aƙalla 12 daga cikinsu.

A duka wuraren biyu, mutanen da aka sani aka kuma mutunta a garuruwansu ne suka zama baƙuwar fuska a garin wasu.

Abin lura ga mai fassara

Ga ɗalibi ko ɗan jarida ko tafintan kotu, ƙa'idar ita ce a dubi abin da jimla ke nufi kafin a zaɓi kalma.

Idan maganar rashin sani ce, a ce wanda ba a sani ba. Idan ta dangantaka ce ko yarjejeniya, a ce bare. Idan ta sabon zuwa ce, baƙo ta wadatar.

Sanarwar da ke gargaɗin yara su guji 'strangers', idan aka fassara ta da cewa su guji baƙi, za ta iya zama umarnin da ya saɓa wa tarbiyyar da aka yi musu a gida. Abin da ake nufi shi ne kada su bi wanda ba su sani ba.

Haka nan idan za a mayar da maganar Bahaushe zuwa Ingilishi, baƙin da suka cika gidan biki 'guests' ne.

A kasuwar Makarfi dai har yanzu tsohuwar tambayar ce ke aiki idan sabon mutum ya zo neman a ba shi lodin rake bashi. Ba a fara tambayarsa takardar asali. Abin da dillali kan tambaya shi ne: "Malam, wa ya san ka a nan, kuma a gidan wa ka sauka?"